Peugeot 504: Nazarin Inji, Giya da Riƙon Hanya

An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, aka kuma zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Don iyalan Turai masu matsakaicin ƙarfi aka ƙera ta, amma a Afirka ta fi daɗewa: kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta sama da shekaru 20 bayan an daina yin ta a Faransa a 1983. Ana yawan danganta wannan juriya da ƙarfin inji. A ganina sirrin yana ga yadda aka daidaita injin da giya da ƙafafu, ta yadda babu wanda ke wahalar da ɗan'uwansa.

Injin mai silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe guda don goshin motar ya yi ƙasa. Ya fara da cc 1,796, aka faɗaɗa shi zuwa cc 1,971 a 1970, kuma mai kafireta bai kai ƙarfin doki 100 ba. Wannan kaɗan ne ga girmansa, kuma nan fa'idar take, domin injin da ba a matse shi yakan daɗe, yana kuma jure fetur maras kyau. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwaroron da fistin ke kai-komo a ciki ba a haɗe yake da gangar injin ba, zare shi ake yi. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike zai sauke shi, ya zare kwaroron huɗu, ya sa sababbi da fistin da ringi, ba tare da an kai gangar wurin gogewa ba. Shi ya sa garejin gefen hanya ke iya mayar da tsohon inji sabo. Rauninsa ɗaya ne sananne: gangar ƙarfe ce, murfin kuwa alminiyam, kuma zafi ba ya buɗa su daidai. Da lagireto ya toshe ko ruwa ya ƙafe, sai gasket ya ƙone, wani lokaci murfin ya lanƙwashe.

Giyar hannu huɗu ce, kuma a samfuran farko a jikin sitiyari sandar take. Ba ta da wani abin mamaki sai sauƙi. Abin lura yana bayanta: ƙafafun baya ke tura motar, farfelar da ke kai musu ƙarfi kuma a cikin bututun ƙarfe take, daga giyabos har aksil. Bututun na kare ta daga duwatsu da ƙura, yana kuma ɗaukar murɗawar da ke zuwa idan an taka mai da kaya a baya. Farashin wannan tsari shi ne canza kuloci yakan ci lokaci.

Riƙon hanya ne ya fi cancantar yabo. Sifirin ɗinta na da nisan lotsawa, kuma Peugeot da kansa ya riƙa ƙera shokozobanta. Idan taya ta faɗa rami, takan sauka ta taso jikin motar bai bi ta ba, a kan gargada kuma tayoyin ba sa rabuwa da ƙasa. Salun ta asali kowace ƙafar baya zaman kanta take yi, amma wagon da samfurin L na 1973 aksil guda ne, wagon ɗin da sifirin huɗu a baya, abin da ya ba ta damar ɗaukar fasinjoji layi uku da buhuna tsakanin Kano da Kaduna. Taushin nan na da illa: motar na jirkicewa a kwana, kuma idan kwalta ta jiƙe, bayan wagon maras kaya yakan zame wa mai gaggawa. Duk da haka, da 504 direba Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya a 1975, a kan hanyoyin laka da duwatsu inda ta doke motocin da suka fi ta ƙarfin inji.