Wa Ke Auna Zafin Ciwon Mace?

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, na yadda likitoci suka riƙa ɗaukar zafin ciwon mace in za a yi mata tiyata.

Kafin shekarar 1846 babu maganin sa barci irin na yanzu. Danne mutum ake yi, a yanka shi ido biyu. A shekarar ne aka gwada wani magani na shaƙa a gaban likitoci a birnin Boston na Amurka, aka yi aiki mai ciwo bai ji ba. To amma ba kowa ake ba shi ba. Likitocin zamanin sun ɗauka matar mai hali, farar fata, ba ta iya jure zafi, baƙar mace kuwa wai ba ta jin ciwo kamar kowa.

Ku ji abin da ya faru a jihar Alabama tsakanin 1845 da 1849. Wani likita, Marion Sims, yana neman hanyar ɗinke yoyon fitsari, ciwon nan dai da muka sani a garuruwanmu. A jikin bayi mata ya yi ta gwaji, cikinsu har da Anarcha da Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai sau wajen 30 aka yi mata aiki, ba a taɓa sa ta barci ba. Subhanallahi! Masu kare shi sun ce lokacin maganin sabo ne. Ni dai na ce baiwa ba ta da bakin cewa a'a. A 1853 kuwa Sarauniya Biktoriya ta Ingila an shaƙa mata magani wajen haihuwar ɗanta na takwas. Sai a 2018 aka ɗauke mutum-mutumin Sims daga inda aka kafa shi a birnin New York.

Abin bai ƙare nan ba. Wani bincike na 2008 a sashen gaggawa na wani asibitin Amurka ya duba masu matsanancin ciwon ciki kusan 1,000. Zafin da mata suka faɗa daidai yake da na maza, amma mace kan jira kamar minti 65 kafin a ba ta maganin rage zafi, namiji 49.

Mu kuma nan ga kunya da dauriya. Tun naƙudar fari aka koya mana cije leɓe, sai likita ya tambaya mu ce "da sauƙi". Shi kuma "da sauƙin" nan yake rubutawa a kati.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.