Kogin Ogowe na Ƙasar Gabon: Mafarinsa, Hanyarsa da Lokutan Cikarsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen bayani ne a kan Kogin Ogowe, wanda Faransawa ke rubutawa Ogooué, domin amfanin ɗalibai da 'yan'uwa masu fatauci tsakanin Libreville da garuruwan cikin ƙasa.

Mafari da hanya

Ogowe shi ne kogi mafi girma a Gabon, tsawonsa kimanin kilomita 1,200. Ya taso ne daga tuddan Bateke a ƙasar Kongo Brazzaville, ya shigo Gabon ta kudu maso gabas, ya bi ta kusa da Franceville, sannan Lastoursville, Booué, Ndjolé da Lambaréné. Daga nan sai ya rarrabu rassa-rassa, ya zuba a Tekun Atalantika kusa da Port-Gentil. Ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikinsa ta haura murabba'in kilomita 220,000, kuma mafi yawanta a Gabon take. Saboda haka ne larduna 5 daga cikin 9 na ƙasar suke ɗauke da sunansa.

Manyan kogunan da ke zuba a cikinsa su ne Ivindo, wanda ke zuwa daga arewa maso gabas ya haɗu da shi kusa da Booué, da Ngounié, wanda ke zuwa daga kudu ya haɗu da shi gab da Lambaréné. Sama da Ndjolé duwatsu sun yi yawa a cikin ruwan, manyan jiragen ruwa ba sa iya wucewa. Daga Ndjolé zuwa teku ne ake sufuri sosai. Ƙasa da Lambaréné akwai tafkuna irin su Onangué da Azingo. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa Libreville ba a bakin Ogowe take ba, tana bakin mashigar Kogin Komo ne.

A tarihi, Bafaranshe Savorgnan de Brazza ya bi kogin daga 1875 zuwa 1878, ya kafa Franceville a 1880. Likita Albert Schweitzer ya buɗe asibitinsa a Lambaréné a 1913. Shekaru da yawa ta kan ruwan ake tura gungumen katakon okume zuwa Port-Gentil. A yau akwai madatsar Grand Poubara kusa da Franceville mai samar da wutar lantarki.

Lokutan cika da janyewa

A ƙasar Hausa damina ɗaya ce, gulaben Rima da Haɗejiya kan cika ne a Agusta da Satumba. A Gabon abin ya sha bamban, domin layin Ikwaita ya ratsa ƙasar, rana kan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, kuma ruwan sama na biyo bayanta. Don haka damina biyu ce: ɗaya daga Oktoba zuwa Disamba, ɗaya daga wajen Fabrairu zuwa Mayu. Kogin ma sau biyu yake cika, wajen Nuwamba, sannan wajen Afrilu da Mayu. Daga Yuni zuwa Satumba rani ne, ruwa ya janye, tsibiran yashi su fito fili, masunta su kafa bukkoki a bakin tafkuna. Matsakaicin ruwan da ke wucewa ta Lambaréné ya kai kimanin mita kubik 4,700 a kowace daƙiƙa, amma na ƙarshen rani ba ya kai rabin na Nuwamba.

In kogin ya cika, yakan tura ruwa cikin tafkuna da fadamu, su riƙe shi, su mayar da shi sannu a hankali da rani. Wannan na rage ƙarfin ambaliya, kifi kuma ya sami wurin hayayyafa. Duk da haka unguwannin da ke kwari a Lambaréné, wadda wani sashenta a kan tsibiri yake, sukan sha ruwa a shekarun da damina ta yi ƙarfi.

Abin da ya shafi Musulmi

Na farko, baƙon da ya zo daga Kano ko Maraɗi kada ya yi lissafi da watannin gida. Filin da ya gani busasshe a Agusta yana iya zama tafki a Nuwamba. Kafin a sayi fili ko a gina masallaci ko rumbun kaya, a tambayi mutanen wurin inda ruwa ke kaiwa, domin rigakafi ya fi magani.

Na biyu, a mazhabar Malikiyya ruwan kogin da laka ta sauya masa launi yana nan da tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Amma wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi, kamar ruwan ambaliyar da ya gauraya da na masai, ba a tsarki da shi. Halascin alwala kuma ba ya nufin ruwan lafiyayye ne ga ciki. Na sha a tafasa shi.

Na uku, an yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwa mai ƙarfi, kuma irin wannan ruwa uzuri ne na rashin zuwa Juma'a. Wanda salla ta riska a jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla, ya yi ta a tsaye in zai iya, in yana tsoron faɗawa ya zauna.

Na huɗu, zuba shara a magudana, wanda ke ƙara ambaliya a unguwannin Libreville, cutar da maƙwabci ne, haka ma ɗora wa kwalekwale kayan da suka fi ƙarfinsa lokacin cikar kogi ganganci ne da rayuka. Shari'a ta hana duka biyun.

Allah Ya sa ruwanmu ya zama na albarka, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa. Allah ne Mafi sani.