Kalmomin komawa gida a bakin kogin Gaya

Gaya gari ne na ƙasar Dendi a jihar Doso, a gaɓar kogin Kwara wanda Zabarmawa ke kira Isa. Malanbil ta Binin na tsallaken ruwa, Kamba ta Nijeriya na gabas. A tasha da kasuwar irin wannan gari, maganar tafiya gida na cikin abin da baƙo ke fara koya. Bahaushe ya ce "za ni gida", Bazabarme ya ce "ay ga koy fu", Bafillace ya ce "mi hootii", Bayarabe ya ce "mo n lọ si ile". Haɗuwar harsunan nan a wuri guda tarihi ne ya kawo ta.

A shekarar 1591 rundunar Maroko ta karya daular Songai a Tondibi. Askiya Nuhu ya ja jama'arsa zuwa kudu, suka yi shekaru suna yaƙi daga Dendi, suna fatan komawa Gawo. Komawar ba ta yiwu ba, wurin hijira ya zama gida, harshensu ya kafu a yankin da Cangawa ke zaune.

Daga baya fataucin goro ya ƙara wa mashigin daraja. A ƙarni na 19 ayarin Kano da na Sakkwato kan ƙetare kogi a Ilo ko a Gaya, su ratsa Bargu da Jugu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiyar kan ci watanni, kuma ba kowa ke dawowa ba. Wasu sun yi aure a zango, suka haifi 'ya'yan da ke jin Dendanci da Hausa. Shi ya sa sallamar fatake ta cika da addu'a: "Allah ya kiyaye hanya", "a sauka lafiya", "a gaida gida". Haka take a gaɓar gabashin Afirka, inda Swahili ya bunƙasa ta hanyar ciniki. Matafiyi ya ce "narudi nyumbani", wato ina komawa gida, a amsa masa da "safari njema". Kalmar "safari" da "safara" ta Hausa tushensu ɗaya ne a Larabci.

Nahawun Hausa ma yana nuna inda mai magana ya tsaya. Wanda zai rabu da kai ya "koma", wanda ya nufo ka ya "komo". Fillanci ya bambanta "hootude", tafiya gida, da "wartude", dawowa. Wannan bambanci ya yi nauyi bayan yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898, wadda ta bar Ilo a hannun Ingilishi, Gaya a hannun Faransawa. Dangi ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin hukuma biyu.

An gina gadar Gaya da Malanbil a 1958. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Nijar ta umurci ma'aikata 'yan Dahome su koma ƙasarsu, alhali wasu cikin 'ya'yansu a Nijar aka haife su. Sai a 2005 Kotun Duniya ta tabbatar wa Nijar tsibirin. Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, aka kuma rufe gadar bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale domin isa ga iyalansu.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tarihin Gaya ya nuna cewa wani lokaci iyaka ce ke raba mutum da gidansa yana zaune. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su yi babban aiki idan suka tattara gaisuwar sallama daga bakin tsofaffin Dendawa da Cangawa da Fulani, kowace da lafazin garinta, su koyar da ita tare da labarin hanyoyin da suka haife ta.