Zanen Alaƙar Bayanai

Zanen alaƙar bayanai taswira ce da masu gina rumbun bayanai na kwamfuta ke shatawa kafin su fara aiki, kamar yadda magini ke ja layi a ƙasa kafin ya aza tubali. Peter Chen, masani haifaffen Taiwan, shi ya bayyana tsarin a 1976. Kowane abu yana samun akwatinsa, layuka kuma su nuna dangantaka.

Misalin da ya fi kusa da manomin Gaffati, a gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, shi ne gona. Tun dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye a Nijar ke ba da takardun shaidar gado, saye, aro da jingina. Mai zane zai ware akwatin mutum, na gona da na takarda. A nan gizo ke saƙa: mutum ɗaya na iya mallakar gonaki uku, gona ɗaya kuma ta zama ta magada goma, wani ma yana nomanta bisa jingina. In zanen ya ba kowace gona mai ita ɗaya tak, rumbun zai haɗiye haƙƙin sauran.

A ƙasashe masu aiki da Faransanci, an fi koyar da irin wannan zane ta tsarin Merise, wanda ya fito daga Faransa a ƙarshen shekarun 1970. Manhajoji irin su MySQL Workbench na mai da zanen ya koma umarnin SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai, kai tsaye.