Wa Zai Fara Magana? Tarihin Whitney Wolfe Herd da Manhajar Bumble

A Yelwa, kamar sauran ƙasar Hausa, saurayi ne ke zuwa zance. Shi ke sallama a ƙofar gida, shi ke aika yaro ya kira budurwa, ita kuwa ta fito ko ta ƙi. Abin da ya ja ni ga tarihin Whitney Wolfe Herd shi ne, a kan juya wannan tsari ta gina dukiyarta.

An haife ta a 1989 a birnin Salt Lake na Amurka, ta yi karatu a Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas. A 2012 ta shiga cikin matasan da suka kafa Tinder, manhajar da ke haɗa masu neman masoyi, aka ɗora mata talla. Sai ta riƙa bin jami'o'i, ta fara shawo kan ɗalibai mata su sauke manhajar, sannan ta je wurin maza ta nuna musu waɗanda suka riga su shiga. Duk mai sayar da kifi a kasuwar Yelwa ta san wannan dabara: inda aka taru, nan mai saye ke nufa.

Zaman bai yi daɗi ba. A watan Yunin 2014 ta kai kamfanin ƙara, tana zargin an ci zarafinta, an kuma hana ta matsayinta na ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi. An sasanta a watan Satumba ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, amma zagin da ta sha a intanet ya sa ta ƙudurta gina dandalin mata zalla. Andrey Andreev, ɗan asalin Rasha mai kamfanin Badoo, shi ya karkato da ita ga harkar da ta baro. A watan Disambar 2014 Bumble ta fito da ƙa'ida guda: idan namiji da mace suka zaɓi juna, mace ce za ta fara aika saƙo cikin awa 24, in ba haka ba haɗin ya warware. Namiji sai dai ya jira.

Amurkawa sun ɗauki wannan a matsayin sabon abu. Ni ban ga sabuntarsa ba, domin tun muna Islamiyya muka ji cewa Nana Khadija, attajirar Makka, ita ta aika wa Manzon Allah (SAW) da maganar aure. Sabon abin shi ne mayar da shi doka a cikin na'ura. A ganina, babban aikinta ma a wajen manhajar yake: a 2019 ta tsaya gaban 'yan majalisar jihar Texas, aka kafa dokar hukunta mai aika wa wani hoton batsa ba da yardarsa ba.

Sai dai akwai abin da masu yabonta kan tsallake. Kamfanin da aka tallata da sunan mata, kashi 79 cikin ɗari na Andreev ne, ita kashi 20 ta riƙe. Ragama ba ta koma hannunta ba sai a 2019, da Blackstone ya saye kason Andreev, aka ƙiyasta rukunin a dala biliyan 3.

Ranar 11 ga Fabrairun 2021 ta buɗe cinikin hannun jarin Bumble a kasuwar Nasdaq riƙe da ɗanta, tana da shekara 31, aka sa farashi dala 43. Daga nan kasuwa ta fara ja da baya. Ta sauka daga shugabanci a Janairun 2024, Lidiane Jones ta gaje ta, kuma a shekarar aka sassauta ƙa'idar nan, har namiji ya sami hanyar fara rubutu ta amsa tambayar da mace ta ajiye. A watan Maris na 2025 ta dawo kujerarta, hannun jarin bai kai dala 10 ba. Bayan wata uku ta sallami kusan kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatan kamfanin.