Daga Nok Zuwa Landan: Tarihin Zanen Fuska da Gasar da Muka Rasa

A shekarar 2024 ne gasar zanen fuskar mutum ta gidan hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan ta dawo da sabon suna, bayan rabuwarta da kamfanin mai na BP. Wannan ya sake ta da tambayar da masu zane a Unguwar Boro da Sabon Tasha da ke Kaduna suka daɗe suna yi wa juna: me ya hana Najeriya samun gasa irin wannan, wadda za ta ɗore har a riƙa lissafa gwanayenta shekara bayan shekara?

Sana'ar dai ba baƙuwa ba ce a nan. A ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna aka fara tono kawunan yumɓu a 1928, wajen haƙar kuza, kuma sun haura shekara dubu biyu. A 1938 aka gano kawunan tagulla a Ife, kowanne da kamanninsa. Sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera su bai iso mana ba.

Sunaye sun fara bayyana ne da Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, wanda ya koya wa kansa zane. Hoton matar Spencer Savage da ya zana a 1906 shi ake ɗauka mafarin zanen zamani a ƙasar nan. Ya je karatu Landan da Faris a 1920, ya dawo ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba har ta kawo Kenneth Murray a 1927 don koyar da zane. Cikin ɗaliban Murray akwai Ben Enwonwu.

Sai Zariya, inda a ganina al'amarin ya juya. A 1955 aka mayar da sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Okeke a Kafancan ya yi ƙuruciyarsa. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da fasahar gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya rungumi tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ya riƙa zana rayuwar Yarabawa da shuɗin fentinsa. Sun yi babban aiki, kuma ba wanda zai rage musu daraja. Amma daga nan aka fara kallon kwaikwayon fuskar mutum sak a matsayin aikin haya, abin da gwamna ko attajiri zai biya a rataye masa a falo. Manyan masu zane suka nufi wani fage, zanen fuska ya gangaro bakin titi, babu alƙali, babu mai gyara.

Turawan Ingila kuwa da suka ga sana'ar tana neman dusashewa, gasa suka kafa mata. An fara a 1980 da kuɗin kamfanin taba na John Player, Margaret Foreman ce ta fara ci. BP ya karɓa a 1990, ya riƙe har 2022, lokacin da aka sanar da rabuwa bayan shekaru ana zanga-zanga kan gurɓata muhalli. Alison Watt ta ci a 1987, aka ba ta aikin zana mahaifiyar Sarauniyar Ingila ta lokacin. A 2007 aka cire ƙa'idar da ta hana wanda ya haura shekara 40 shiga, Paul Emsley ya yi nasara. Daphne Todd ta ci a 2010 da hoton gawar mahaifiyarta mai shekara 100. A 2020 Jiab Prachakul 'yar Tailan, wadda ita ma da kanta ta koyi zane, ta doke kowa. A 2024 Antony Williams ya ɗauki fam 35,000 da fentin da ake kwaɓawa da gwaiduwar ƙwai. Sharaɗin gasar mai muhimmanci shi ne dole mai zane ya zauna ido da ido da wanda yake zanawa.

Wasu na cewa addini ne ya hana mu. Gaskiya ne malamai da dama suna da ra'ayi mai ƙarfi kan zanen abu mai rai, kuma ya kamata a girmama hakan. To amma wa bai ga hoton Sardauna ko na Shehu Ibrahim Inyass a bayan babbar mota ba? Legas da Inugu kuma, wane malami ne ya hana su? Wasu sun ce talauci ne. A Fabrairun 2018 aka yi gwanjon hoton Tutu, gimbiyar Ife da Enwonwu ya zana a 1974, kan fam miliyan 1.2 a Landan, don haka masu saye suna nan. Masu cewa wayar hannu ta kashe sana'ar su ma su leƙa rumfunan masu zane a hanyar Kachiya da ke Kaduna. Za su tarar da saurayi ya ɗora hoton amarya a waya, ya ja layuka ya raba takarda gida-gida, yana murza gawayi da auduga har kumatu su fito. Wayar ce take kawo masa ciniki, sai dai ta raba shi da zama da mai fuskar.

Hujjata mafi ƙarfi daga Kaduna take. A 2019 Eli Waduba Yusuf ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, ya sa a Twitter. Hart ya gani, ya yaba, ya nemi saye, duniya ta ɗauka. Gwanintar tana nan, amma sai da baƙo ya nuna ta kafin 'yan gida suka lura. Yabon intanet kuwa kamar ruwan bazara ne, yau ya sauka gobe ƙasa ta bushe.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Kaduna ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da malaman da za su yi alƙalanci, gidan tarihi na titin Ali Akilu yana da wurin baje koli. Saura mai ɗaukar nauyi da zai yi alkawarin shekara goma a ƙalla, da sharaɗin a zauna da wanda ake zanawa, da kuma dokar cewa hoton da ya ci zai zauna a hannun hukuma tare da sunan mai shi. Kada a taƙaita ga gwamnoni da sarakuna, a buɗe wa mai zana ungozoma da direban keke da mai tallar masara. In aka fara haka a Kaduna aka ɗore, sauran jihohi da kansu za su aiko da gwanayensu.