Baƙon da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma Ba: Damagaram da Daminar 2024

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a ƙasar nan ya san wahalar da ke cikin fahimtar da yaro mece ce dusar ƙanƙara. Tana nan cikin littattafan Faransanci da muka gada, da hoton yara sanye da safar hannu suna jifan juna da wani farin abu. Yaron Matamaye ya san ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo, ya san wadda takan faɗo da hadari ta yayyaga ganyen hatsi, amma wannan ta littafi sai dai mu ce masa kamar auduga ce mai sanyi, ya gyaɗa kai don malam ya wuce gaba.

To amma ba ta yi mana nisan da muke zato ba. A ranar 18 ga Fabrairun 1979 ta sauka a Ain Sefra, wani gari na Aljeriya da ke bakin Sahara. Kimanin rabin awa ta yi, kuma wannan rabin awar ta isa ta tsayar da motoci. Ta sake dawowa a Disamban 2016 da Janairun 2018, har duniya ta ga hoton jan rairayi ya yi farin rawani. A watan Fabrairun 2021 kuwa, sanyi da dusar ƙanƙara suka afka wa jihar Texas ta Amurka, gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa lantarki, bututun ruwa suka daskare suka fashe, mutum fiye da 200 suka mutu. Irin wannan sanyin a Mosko ba zai hana yaro zuwa makaranta ba. Abin da ya kayar da Texas shi ne an gina ta ne don zafi. Kowane gari da abin da aka gina shi don ya jure, kuma ranar da akasin abin ya zo, ranar ce ake gane inda aka bar ƙofa a buɗe.

Mu namu garuruwan don ƙishi aka gina su.

Wanda ya san Damagaram ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Birnin yana zaune ne kan dutse, ruwan da yake samu a shekara bai fi milimita 400 da ƴan kai ba, kuma ƙasan ba ta riƙe shi. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar mulkinsu a 1911, sannan a 1926 suka kwashe kayansu zuwa Yamai, bakin kogi. Dalilan suna da yawa, har da na siyasa, amma ƙarancin ruwa yana ciki. Tun daga nan tarihin birnin ya zama na neman ruwa daga nesa: Gogo da Machaya, Arunguza, Ganaram. Har yau ɗan garuwa da jarkokinsa ya fi mai unguwa sanin gidajen unguwa.

Mu na kudu, ƙasar Kance, mun fi su ɗan sauƙi. Muna da fadamu, muna da rake, rijiyarmu ba ta kai tasu zurfi ba. Duk da haka idan ka zauna da tsoho ka ce ya ba ka tarihi, da yunwa zai ƙirga maka shekaru. Zai fara da Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda shi ma ji ya yi daga kakanninsa. Zai zo kan farin 1973, wanda yana cikin abubuwan da suka kai ga juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani. Zai zo kan 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. Sai 2005, wadda mu ma mun gan ta da idonmu a cikin azuzuwanmu. Ka lura, kowace yunwa da sunanta ko da alamarta. Ambaliya kuwa ba mu raɗa mata suna ba, domin ba mu ɗauke ta ƴar gida ba. A makarantar horon malamai ma, abin da muka haddace a darasin labarin ƙasa shi ne fari da gurgusowar hamada. Da shi muka fito, shi muka yi ta koya wa yara.

Amma kakanninmu ba su jahilci ruwa ba, kuma a nan ne nake son mu ɗan daɗe.

Gidan ƙasa na Bahaushe ba abu ba ne da ake ginawa a juya masa baya. Kamar dabba yake, kullum yana son kiwo. Magini zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta kwana kwanaki tana ruɓa, ya dunƙula tubali da hannu, ya ɗora bango mai kauri a gindi yana sirancewa sama. Ya jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa, ya daɓe, ya karkata rufin kaɗan zuwa bakin indararo, shi kuma indararon ya yi tsawon da zai tofar da ruwa nesa da gindin bango. Daga nan sai shafe. Akwai makuba, daga ɓawon ɗorawa. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga ramin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Dubi yadda sana'a uku suka shiga cikin rufin ɗaki ɗaya: magini, marini, majemi. Kafin kowace damina kuma, maigida zai hau soro ya duba tsaga, a yi yaɓe, a fiƙe bakin indararo. Wanda bai yi ba, maƙwabta za su yi masa magana, domin bangonsa idan ya tashi faɗuwa ba ya tambayar iyaka.

Ƙasar ginin kuma daga ina? Daga kududdufin unguwa. Kowane tsohon gari na ƙasar Hausa, daga Kano har Damagaram, cike yake da waɗannan ramuka, kuma ramin da ya ba da ƙasar gini shi ne yake karɓar ruwan da ya sauko daga rufin ginin. Ba wani injiniya da ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke.

Abin da ya warware shi, a ganina, fari ne da kansa. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a duk yankin Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 sama ta ɗauke, ta yi fiye da shekara ashirin tana rowa. A cikin wannan tsakanin aka haifi mutane, suka girma, suka yi aure, ba su taɓa ganin ruwa ya bi ta wani kwari ba, sai suka ɗauka fili ne. A lokacin kuma jama'a ke ninkuwa: ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 4 ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same ta da miliyan 17. Yunwa ta koro na ƙauye zuwa birni, kuma baƙo mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun tudu, sai gangare. Kududdufai suka zama juji, juji ya cika, aka yanka shi fuloti. Marina suka mutu, katsi ya yi wuya, aka koma shafa siminti kan bangon ƙasa, wanda ke da kyan gani shekara biyu, sannan ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Titi ya yi ta hawa da ciko har tsakar gida ta koma ƙasa da shi. Leda kuwa, ko da yake an yi dokar hana ta tun 2014, duk wanda ya leƙa magudanar ruwa ya san inda dokar ta tsaya.

Sai ruwa ya dawo, amma ba da halin da ya tafi da shi ba. Masu binciken yanayi da suka bi hotunan tauraron ɗan adam sun nuna a 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. An yi mana gargaɗi ba sau ɗaya ba. Ranar 1 ga Satumban 2009 Wagadugu ta sha milimita 263 cikin yini guda, wato fiye da rabin abin da Damagaram ke samu a shekara. A farkon wannan Satumban dai koramar Telwa ta ɓalle ta shiga Agadas, garin da ko a mafarki ba a haɗa shi da ambaliya, ta rushe dubban gidaje. Yamai ta sha nata a 2012 da 2020. A 2022 ƙasar ta rasa kusan mutum 200.

Daminar 2024 ta shafe su duka. A watan Agusta ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, manyan motoci suka yi layi, man fetur ya yi wuya a babban birnin ƙasa. A ƙarshen watan Maraɗi ta kwana cikin ruwa da makoki. Ranar 3 ga Satumba kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, zamanin su Sarki Tanimu da ya kewaye Birni da ganuwa, ya zube. Yawancinmu a waya muka gani. Ginin da ya ga shigowar Faransawa da fitarsu, ya ga Kakalaba, ya ga 1973, bai ga ƙarshen wannan daminar ba. Kafin Satumba ya ƙare hukuma ta ƙirga mutum 339 da suka rasu, da fiye da miliyan 1 da abin ya shafa. A ƙididdigar farkon watan, fiye da rabin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba. Gini ne ya faɗa musu.

Wannan batu na rufi shi ne inda mu da masu dusar ƙanƙara muka haɗu. Su suna yin rufi mai tsini don nauyin ya zame, kuma idan ta yi yawa sukan hau da shebur su kwashe. Mu namu shimfiɗaɗɗe ne. Ga lissafin da ɗan aji shida zai iya: milimita 1 na ruwa lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, idan aka yi ruwan milimita 100, lita 2,000 ce ta sauka a kansa, tan 2 ke nan. Idan indararo a buɗe yake, ta wuce. Idan leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, tana nan bisa kan masu barci, tana jiƙa ƙasar rufi, azara tana ɗauka har ta gaji.

Mutane sun gane haka da jikinsu. A makonnin nan na ga magidanta a nan garin suna fitar da iyali daga ɗaki da zarar hadari ya haɗu da dare, a kwana a rumfar kwano ko ƙarƙashin tamfol, sauro ya ci rabonsa, don gara cizon sauro da nauyin soro. Samari suna yawo da fitilar waya da shebur, suna buɗe wa ruwa hanya, wani lokaci su tura shi gidan maƙwabci, da safe a yi shari'a wurin mai unguwa. Buhun da aka saya don hatsi ya koma na yashi a bakin ƙofa. Mata suka sha wahalar da ba a ƙirga ta a rahoto: itace jiƙaƙƙe, gawayi ya yi tsada, tuwon dare ya koma na la'asar don a riga hadari. Ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, kuma ba ka da bakin yi masa gardama tunda kana ganin inda zai bi. Masai ya cika ya haɗu da ruwan tsakar gida, yara kuwa ba abin da suke so irin wasa a ciki. Bayan mako biyu sai zazzaɓi ya biyo baya, layin asibiti ya fito har waje.

Wanda ɗakinsa ya faɗi kuma, ina ya nufa? Makaranta. A yawancin unguwanni da ƙauyuka ajin siminti shi ne gini mafi ƙarfi da kowa ke da haƙƙi a kansa. Aka tattara tebura gefe guda, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga, aka kafa murhu a bakin aji. Ban ga laifin kowa ba, da ni ne ma can zan kai nawa. Amma sakamakon ya zo kanmu: gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma da mutane a ciki. Kwana 26 ke nan. Ga wanda bai san aikin ba, ƙaramin abu ne. Ga malamin da ke da ajin jarrabawa, babi biyu ne ko uku da zai bi da gudu. Ga malamin ajin zana kuwa, wanda dama ba ya samun aji sai an girbe an sami kara, kuma ruwan farko ke tashinsa, an gutsure masa shekarar da dama guntuwa ce. Kuma mun san yarinyar da ta ƙara wata guda a gida tana tallan gyaɗa, ba kullum take dawowa ba.

Ba na cikin masu cewa a rushe ginin ƙasa a koma bulo da kwano. Mai faɗin haka bai kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ba, bai kuma tambayi kuɗin buhun siminti ba. Mutanen yankin nan sun riga sun nuna suna iya gyara abin da fari ya ɓata: gawon da ya cika gonakin Matamaye da Magarya da Mirya, har baƙi ke zuwa daga ƙasashen waje su gani, manoma ne suka bar shi ya tsiro suka yi masa kiwo bayan 1984. Abin da aka yi wa gona ba a yi wa unguwa ba tukuna.

Ga abin da ke hannun malami, ba sai ya jira kowa ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da abin awo sun isa a kafa ma'aunin ruwa a farfajiyar makaranta, yara su riƙa rubutawa, su yi lissafin rufin ɗakin uwarsu da kansu. Iyaye kuma, watan Maris da Afrilu ne lokacin hawa soro, ba ranar da gabas ta yi baƙi ba. Aikin da na fi so in ga an ba yara shi ne a tura su wurin tsofaffin unguwa da takarda da fensir, su tambaya: a shekarun ruwa, kafin fari, ta ina ruwa yake bi? Ina kududdufin yake? Gidan wa ke kansa yanzu? A zana, a liƙa a bangon aji, a kai wa mai unguwa kwafi. Sai dai aikin yana son hanzari. Wanda yake da shekara goma a 1954 yau ya haura tamanin. A unguwarmu na ƙirga waɗanda suka rage da hankalinsu garau, na sami uku, biyu mata ne, ɗayan kuma sai an ɗaga murya yake ji.